Babin da Auta Ya Riƙe

4 ga Maris

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yata da maigidanta. Yaya gwiwar nan taki? Ni lafiyata ƙalau, in ban da wani tari da ya zauna mini sati biyu, ya tafi da kansa da ya ga babu mai lallashinsa.

To, ga littafi na goma nan ya iso, shafi ɗari biyu da sha ɗaya. Kamar kullum na cire babin ƙarshe na kulle a durowa, saboda haka kada ki wahalar da kanki da zazzage ambulan. Ke kika ja wa kanki. Tun ranar da na kama ki kina ƙoƙarin leƙa shafin ƙarshe na littafina na farko, alhali ko shafi na ɗaya ba ki buɗe ba, na rantse ba za ki ƙara ganin ƙarshen labarina ba sai kin faɗi mai laifi da bakinki. Sau tara kina faɗa, sau tara kina canka daidai. Kowane karo sai in koma in share sawu in toshe kafa, littafi ya fita, masu karatu su yi ta rantsuwa ba su taɓa kawo shi a ransu ba. Wannan karon dai ina jin na kama ki.

An tsinci gawar wani mai gyaran agogo a shagonsa, ƙofa a kulle ta ciki. Mutum huɗu ake zargi: matarsa, mai gidan da yake haya, telar da ke maƙwabtaka da shi, da ƙanensa da ya dawo daga doguwar tafiya. Ba zan ƙara miki ko kalma ɗaya ba.

Makon jiya wata 'yar jarida ta same ni a maɗaba'a, ina tsakiyar gyaran rubutun wani littafin lissafi. Ta tambaye ni littattafan da ke gefen gadona. Na ce mata littafin koyon gyaran firji da wani tsohon kundin dokokin hanya. Ta yi ta dariya, ta ɗauka wasa nake. Gaskiya ce kuwa. In ina rubutu ba na iya karanta labarin kowa, don muryarsa sai ta shige mini hannu, in wayi gari ina rubutu da bakin wani. Shi kuwa mai firji ba ruwansa da ni, ya faɗi wayar da za a kwance ya wuce. Ta ce mene ne sirrin sana'ar. Na ce ba a ɓoye wa mai karatu komai, a gabansa ake ajiye abu, daidai inda ya saba wucewa bai duba ba. Wannan ta rubuta shi har da ja masa layi. Da ta ce wa nake rubuta wa, na ce jama'a. Ƙarya na yi mata. Mutum ɗaya nake rubuta wa, tela ce, kuma ba ta taɓa cewa na burge ta ba.

Ɗakin yana nan yadda na ba ki labari, a saman shagon mai facin taya. Injin iskarsa ne ke tashina da safe, shi ne kuma ke gaya mini an tashi aiki. Daga taga ina ganin masu jiran bas, kowa kai a sunkuye kan waya. Akwai wata mata da ke karanta littafi a tsaye, in bas ta zo sai ta sa yatsa a tsakiya ta hau. Wata uku ina son in san ko na wane ne, nisan ya hana ni.

Ina jiran hukuncinki.

Ƙanenki,
Auta

19 ga Afrilu

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso tun tuni, ni ce ban samu zama ba. Muna lafiya. Gwiwa da sauƙi, sai dai na yi tuntuɓe da dokin ƙofar kicin na fasa kofuna biyu, ƙofar da nake ƙetarawa shekara talatin. Tsufa ne.

'Yarka tana gaishe ka, aikin asibiti ya sa ta a gaba. Na rufe keken ɗinki da zane, masu kawo ɗinki na tura su wajen matar da ke bakin layi. Na gaji da surutunsu.

Ka yi haƙuri da wannan alƙalamin mai kauri, shi na samu a kusa.

Littafinka na fara. Na kai babi na uku na ajiye, ban iya wuce nan ba. Kada ka tambaye ni yanzu. Kuma wai ku masu buga takardu rowar tawada kuke yi ne, da kuke ƙanƙanta rubutu haka?

Ka ce tela ba ta taɓa cewa ka burge ta ba. In ta faɗa ai kanka ba zai shiga ƙofa ba. Ka kuma ce babu mai lallashinka. Wa ya hana ka? Mota ba ta daina zuwa garin nan ba.

Ka riƙa shan ruwan ɗumi.

Yayarka

27 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na gode Allah da gwiwa ta yi sauƙi, kofuna kuma Allah ya mayar da alheri.

Sati shida na yi ina zuwa gidan waya, abin da na samu ke nan: kin kai babi na uku kin ajiye. Kin ce kada in tambaya, to ba sai na tambaya ba, ni na rubuta shi. A babi na uku tela take shigowa.

Na yarda, na ɗauki wasu abubuwa a wajenki. Yadda take magana da allurai a baki, da yadda take auna mutum da ido kafin ta ɗauko tef, da bakin nan nata da ba ya barin kowa ya wuce lafiya. Amma ba ke ba ce, Yaya. Mu marubuta tsince-tsince muke yi, kamar yadda kike haɗa ƙyallaye ki fitar da murfin matashi. Ban san me ya sa kowa yake shiga littafi yana neman kansa ba. Mai facin da ke ƙasana fushi yake da ni don bai ga kansa ba, ke kuma kina fushi don kin gani. Shekara ashirin kina karanta ni, kin sha ganin na sa mutanen kirki a layin zargi. Ban zaci ke ma sai na yi miki wannan bayanin ba.

Maganar ƙanƙantar rubutu kuwa, girmansa ke nan tun littafi na farko, da hannuna na buga shi. In uzuri kike nema ki nemi wani. Ke da kika aiko mini shafi huɗu da kalmomin da ba su cika rabin shafi ba, layuka suna gangarowa kamar za su zube daga takardar. Da a maɗaba'a aka kawo mini ita da na mayar wa mai ita.

Sai zancen mota. Na gane inda maganar ta dosa. Shekara sha ɗaya ke nan da rasuwar Inna, kuma na san ke kaɗai kika yi jinyarta wata bakwai, ni ina nan ina cewa sati mai zuwa, har na iso kwana biyu bayan an binne ta. Ban manta ba, ba sai an tuna mini a ƙasan wasiƙa ba. Shi ya sa ƙafata take yi mini nauyi, in ma ba ki sani ba. In na shiga gidan nan ɗakinta nake fara gani.

In littafin bai yi miki ba ki faɗa kai tsaye, kin saba. Shirun ne ba na so.

Auta

30 ga Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni ma lafiya, sai kewa.

Wata biyu ke nan. Na kira ki sau uku, kowane karo ki ce lafiya lau, kin ɗora tukunya, sai an jima. A waya ai kowa lafiya lau yake. Ma'aikacin gidan waya yanzu da ya hango ni yake girgiza kai, ya hutar da ni buɗe akwati.

Wasiƙar da na aiko miki ta ƙarshe da zafin rai na rubuta ta. Na so a ce na bar ta ta kwana a durowa kamar yadda nake yi wa kowane babi. Ki yafe mini.

Mai buga littattafaina ya dame ni da tambaya. Na ce masa saura gyara kaɗan. Ba zan iya ce masa ina jiran wata tela ta faɗi mai laifi ba, kuma ban taɓa miƙa littafi ba tare da kin faɗa ba. Ban ma san yadda ake yi ba. Na zauna na cire telar gaba ɗaya, na sa mai aski a madadinta. Kwana tara na yi ina wannan aikin. Da na karanta sai na ga littafin ya mutu murus, babu mai ɗaga murya a cikinsa, kowa sai ladabi. Ga shi nan a kan tebur, na ɗora masa kofi.

Ranar Asabar an gayyace ni wani shagon littattafai in yi karatu. Sun jera kujera arba'in, mutum bakwai suka zauna, biyu daga ciki ruwan sama ne ya koro su. Da na gama wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai da kake rubuta mana, kana jin daɗin karatu kuwa?" Gaskiya na daɗe ban ji ba. Da jan biro nake karatu yanzu, ko babu shi a hannuna. Ina ganin inda marubuci ya yi faci, da inda ya gaji, da inda ya ajiye tarkonsa. Na dawo gida a ƙafa ina lissafin yaushe rabon da labari ya ɗauke ni har in manta inda nake, sai lissafin ya kai ni bakin keken ɗinkin Inna. Ina zaune a ƙasa, ke kina kan buhun ƙyallaye kina karanta mini, in an zo wuri mai daɗi ki rufe littafin ki ce, "To, Auta, faɗa mini abin da zai faru." In na yi kuka ki ce kuka ba amsa ba ne. Ina jin duk abin da na rubuta tun daga lokacin amsar wannan tambayar nake ba ki.

Matar nan mai karatu a tashar bas ta daina zuwa. Wataƙila ta canza wurin aiki.

Ba na jin yunwar yabo, Yaya. Ki ce littafin banza ne, ki ce in ƙona shi, zan ji daɗi. Ni dai ki yi magana. Mutum nawa ne suka rage da suka san ni tun ban iya rubuta sunana ba? Na ƙirga, ban kai yatsa na biyu ba.

Ƙanenki,
Auta

12 ga Yuli

Auta,

Wa alaikumus salam. Wannan rubutun ba nawa ba ne, ka gani da idonka. 'Yarka ce ke rubutawa ina faɗa, kuma na ce mata ko zagi na yi ta rubuta shi yadda yake.

Kai dai an yi mai binciken banza. Littafi goma kana koya wa mutane lura, aka ajiye maka abu a gabanka ka tsallake shi ka tafi neman faɗa. Na ce maka na yi tuntuɓe da ƙofar da na sani shekara talatin. Na ce maka na rufe keke. Ni? Ni da na yi ɗinki ranar da na haifi wannan da ke rubutun? Ka ga alƙalami mai kauri, ka ga layi yana gangarowa, har ka yi mini dariya da shi. Ba kai ka ce a gaban mutum ake ajiye abu ba? To na ajiye.

Idona ne, Auta. Hawan jinin ido likita ya ce. Na hagu ya tafi tun bara, na dama saura kaɗan a tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Ana sa magani don a riƙe abin da ya rage, wanda ya tafi kuwa ba zai dawo ba. Babi biyun farkon nan kwana goma sha ɗaya na yi a kansu, a bakin ƙofa da rana tsaka, da madubin ƙara girma a hannu. Da na buɗe na uku sai layukan suka haɗe. Telar taka ko gaisawa ba mu yi ba. Wasiƙunka biyu kuwa ƙarƙashin zanen keke na tura su, ban san abin da ke ciki ba sai shekaranjiya da yarinyar nan ta zo shara ta gano su.

Za ka ce me ya hana ni faɗa. Kunya ce, da tsoro. Ni ce mai karanta maka tun kana shekara biyar, ban san da wane baki zan ce maka na daina ba. Na kuma san halinka. In ka ji za ka ce kada a wahalar da Yaya, ka daina aikowa, ni kuwa ambulan ɗin nan da ke zuwa duk bayan shekara biyu shi ne zuwanka. 'Yarka ta ce za ta karanta mini littafin, na ce a'a, ita karatunta kamar tana faɗin ƙa'idar shan magani ne. (Kawu, sharri take mini.)

Yanzu ga amsarka, don mai buga littafi ya sarara maka. Ƙanen ne ya kashe shi.

Na san na canka. Tun daga wasiƙarka ta farko na sani, ban ko kwance zaren da ka ɗaure littafin da shi ba. Bari in faɗa maka abin da na riƙe shekara ashirin. Ban taɓa bin sawun da kake wahalar sharewa ba, ni ba na ma gane su. Abu ɗaya nake nema: wa ya bar gida? A na biyu ɗan da ya tafi karatu ne. A na biyar mijin da ke aiki a nesa. A na takwas direban da ba ya kwana a gari. Tun kafin Inna ta kwanta kake yi, bayan ta rasu kuma abin ya ƙaru, har ka daina ba su ko uzuri. Na yi shiru ne don na ga wasan yana kawo mini kai.

Maganar mota ba gori ba ne. Cewa nake ka zo, ban iya faɗa a miƙe ba. Inna ba ta tafi da fushinka ba, na faɗa maka a ranar, kana kallon ƙasa ba ka ji ba. Ni ma ban taɓa kama ka da laifi ba. Na gaji a lokacin, na yi kuka, na zage ka a zuci, ya wuce. Kai ne kake kai kanka kotu duk bayan shekara biyu, ka yanke wa kanka hukunci, ka aiko mini in sa hannu. Na gaji da sa hannu.

Ka mayar da tela wurinta. Mai aski me ya sani?

Yayarka

Kawu, ni ce. Wannan ba ta ce in rubuta ba. Har yanzu tana gane fuska in mutum ya matso kusa sosai, ta wajen dama. Likita ya ce ba zai iya cewa zuwa yaushe ba. Littafin yana kan kekenta, kullum sai ta gyara masa zama.

18 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. 'Yata, ki karanta mata wannan a hankali, ba irin na magani ba.

Na sauko da littattafan tara na jera su a kan gado, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Haka ne. Har na uku, wanda nake taƙama da shi, mai laifin ba ya nan aka yi rabin labarin. Na ɗauko wasiƙarki ta Afrilu kuma na sake dubawa. Ni da ake ba ni albashi don in ga ɗigon da ya ɓace a shafi, na riƙe wannan takardar wata uku ban ga yayata a ciki ba. Na yi kuka, kuma na san abin da za ki ce game da kuka.

Na karɓi hutun wata ɗaya a maɗaba'a. Na bar wa mai faci makullin ɗaki, ya ce sai na sa shi a littafi na gaba, na ce ya zama. Zan taso ranar Juma'a da motar safe, in Allah ya yarda in iso Asabar kafin la'asar. Kada a dafa komai na musamman. A ajiye mini kujera ta wajen damanki, kusa sosai. Na yi furfura, gara in gaya miki tun yanzu kada ki ce an canza miki ƙane.

Tela ta koma wurinta. Daga babi na uku zan fara karanta miki, kuma duk inda ya yi daɗi zan rufe littafin, kin san dalili.

Babin ƙarshe ba zan taho da shi ba. Na ciro shi daga durowa jiya da yamma na yaga. Ƙanen bai kashe kowa ba, ya dai daɗe bai zo ba. Matsalar ita ce yanzu ga gawa a shago, ga ƙofa a kulle ta ciki, ni kuma ban san wanda ya yi kisan ba. Ke za ki faɗa mini.

Ƙanenki,
Auta